Idan Na'ura Ce Mai Bincike: Littattafan Ƙirƙirarriyar Basira Da Labarin Da Ke Kwance A Sharaɗa, Challawa Da Bompai

 Tun daga ranar 30 ga Nuwamban 2022 da kamfanin OpenAI ya saki ChatGPT, sannan Meta AI ta shigo cikin WhatsApp a Najeriya a 2024, da wuya ka samu matashi mai babbar waya da bai taɓa yi wa na'ura tambaya ba. Wani aikin makaranta yake ba ta, wani takardar neman aiki, wani ma saƙon da zai tura wa budurwarsa. To amma tun kafin a haifi iyayen wasunmu, marubutan ƙagaggun labarai sun riga sun yi tambayar da ta fi waɗannan nauyi: idan aka kashe mutum, aka damƙa wa na'ura binciken, za a iya yarda da abin da ta gano?

A yau za mu duba irin waɗannan littattafai: daga ina suka faro, yaya ake gina su, waɗanne ne suka yi fice, kuma me ya sa unguwannin masana'antu na Kano suka dace da irin wannan labari. A ƙarshe za mu ga inda na'urar cikin littafi ta sha bamban da wadda ke cikin wayarka, don kada a ruɗe.

Wane irin littafi ne wannan?

Aure ne tsakanin nau'i biyu na labari. Na farko shi ne ƙagaggen labarin kimiyya, wanda ke ɗaukar wata fasaha ya tura ta gaba, ya nuna yadda rayuwa za ta koma idan ta samu. Na biyu shi ne labarin binciken laifi: an yi kisa ko mutum ya ɓace, ana da mutanen da ake zargi, mai bincike yana tattara alamu har ya warware ƙullin. Idan aka haɗa su, aka sa ƙirƙirarriyar basira ta zama jarumar labarin, to an samu abin da muke magana a kai. Wani lokaci tana da jiki irin na mutum-mutumi, wani lokaci kuma manhaja ce kawai a cikin kwamfuta, ba ta da hannu balle ƙafa.

A masana'anta aka haifi kalmar

Kalmar "robot" da duniya ke amfani da ita ta fito ne daga wani wasan kwaikwayo mai suna R.U.R. na marubucin ƙasar Cek, Karel Čapek, wanda aka buga a 1920. Asalinta daga kalmar "robota" ne, wato aikin tilas. Wasan kuwa a cikin masana'anta yake faruwa, inda ake ƙera ma'aikatan da ba sa neman albashi, ba sa gajiya, har daga baya suka yi wa masu su bore. Ke nan tun ranar farko labarin mutum-mutumi labarin ƙwadago ne: wa ke aiki, wa ke cin riba, wa za a sallama. Mai karatu ya riƙe wannan, za mu dawo kansa idan mun iso Sharaɗa.

Wanda ya fara haɗa mutum-mutumi da binciken kisa har abin ya karɓu shi ne Isaac Asimov na Amurka, a littafinsa The Caves of Steel na 1954. A lokacin akwai masu ganin wannan haɗi ba zai yiwu ba, ciki har da fitaccen editan mujalla John W. Campbell. Hujjarsu mai ƙarfi ce: daɗin labarin bincike shi ne mai karatu ya yi ta lissafi tare da jami'in, to idan marubuci zai iya ƙirƙiro wata na'ura a shafin ƙarshe ta nuna mai laifi, ai an yi wa mai karatu maguɗi.

Asimov ya magance wannan ta hanyar kafa wa mutum-mutuminsa dokoki tun da wuri. A taƙaice, ba ya cutar da ɗan Adam, yana bin umarni matuƙar bai saɓa wa dokar farko ba, kuma yana kare kansa matuƙar bai saɓa wa biyun farko ba. Tun da mai karatu ya san iyakar, sai ya iya lissafi. A littafin, ɗan sandan birnin New York mai suna Elijah Baley, wanda ba ya ƙaunar mutum-mutumi, an tilasta masa aiki da R. Daneel Olivaw, wanda aka ƙera shi da kamannin masanin da aka kashe. Mutanen birnin kuwa suna cike da haushin na'urori saboda suna raba su da ayyukansu. Asimov ya ci gaba da labarin su biyun a The Naked Sun na 1957 da The Robots of Dawn na 1983.

Darasin da duk marubutan baya suka ɗauka shi ne: na'urar da ta san komai ba ta yin labari. Sai wadda ke da abin da ba za ta iya ba.

Matsayi uku da ake ba na'ura

Matsayi na farko shi ne abokiyar aikin ɗan sanda. Misali na kusa shi ne In the Blink of an Eye na Jo Callaghan 'yar Ingila, wanda ya fito a 2023. Wata babbar jami'a mai suna Kat Frank, wadda ta dogara da gogewa da abin da zuciyarta ta raya mata, an haɗa ta da wata basira mai suna Lock don su sake duba tsofaffin ƙorafe-ƙorafen mutanen da suka ɓace. Lock na karanta dubban saƙonni cikin ƙiftawar ido, amma bai san yadda ake zama gaban uwar da ɗanta ya ɓata a yi mata magana ba.

Matsayi na biyu shi ne na'urar ta ba da labari da bakinta. A nan babu kamar jerin Murderbot na Martha Wells, wanda ya fara da All Systems Red a 2017, ya kuma lashe kyaututtukan Hugo da Nebula. Jarumin na'urar tsaro ce da kamfani ke ba da haya, ta yi wa manhajar da ke tilasta mata biyayya kutse, amma maimakon ta yi ta'adi sai ta ɓige da kallon finafinai masu dogon zango a ɓoye. A Fugitive Telemetry na 2021 an tsinci gawa a wata tashar sararin samaniya, aka sa ta cikin masu bincike, alhali jami'an wurin ba su yarda da ita ba, har suka hana ta shiga na'urorin tsaronsu. Dole ta yi bincike da ƙafa kamar kowa. Apple TV+ ta mayar da labarin fim mai dogon zango a 2025. Kafin wannan, a 2002, Donna Andrews ta fitar da You've Got Murder, inda wata manhaja mai suna Turing Hopper ta lura wanda ya rubuta ta ya ɓace, ta shiga nemansa. Da yake ba ta da jiki, sai ta riƙa aiken abokanta mutane su je su gano mata.

Matsayi na uku shi ne na'urar ta zama abar zargi. Tade Thompson, likita kuma marubuci ɗan asalin Najeriya mazaunin Ingila, ya yi wannan a Far from the Light of Heaven na 2021. Jirgin sararin samaniya mai suna Ragtime ya iso inda za shi, aka tarar an kashe wasu daga cikin fasinjojin da ke barci, basirar da ke tuƙa jirgin kuma ta rikice. Mai binciken da aka turo, Rasheed Fin, shi ma abokin aikinsa mutum-mutumi ne mai suna Salvo. Har da tashar sararin samaniya mai suna Legas a cikin labarin.

Mu fa a nan gida?

Ba baƙon abu ba ne a wurinmu. A 1969, shekarar da ɗan Adam ya fara taka wata, kamfanin NNPC na Zariya ya buga Tauraruwa Mai Wutsiya na Umaru Dembo, labarin yaron da wata halitta ta ɗauka zuwa sararin samaniya. Shi ne ake yawan ambata a matsayin ƙagaggen labarin kimiyya na farko da Hausa. Masu kallon finafinan Indiya kuma sun san Chitti, mutum-mutumin da Rajinikanth ya fito a matsayinsa a fim ɗin Enthiran na 2010, wanda aka fi sani da Robot. Nnedi Okorafor ma ta kawo labarinta Noor na 2021 arewacin Najeriya, inda wata mata da aka haɗa jikinta da sassan na'ura ta gudu tare da wani makiyayi Bafulatani.

Ga masu karatu kuma akwai su. Garin da ya haifar da littattafan kasuwar Kano a shekarun 1980 da 1990, ya kuma koma karanta labari a WhatsApp da Wattpad da saurarensa a YouTube, ba ya rasa masu jiran sabon salo. Abin da ake buƙata shi ne wurin da labarin zai zauna daram. Wurin kuwa yana nan cikin gari.

Me ya sa Sharaɗa, Challawa da Bompai?

Bompai ita ce tsohuwa a cikinsu, tun zamanin Turawa aka fara kafa masana'antu a can, kuma a unguwar ne hedikwatar 'yan sandan jihar Kano take. Sharaɗa ta biyo baya da rukunoninta uku, sai Challawa ta wajen Panshekara a ƙaramar hukumar Kumbotso. A waɗannan wurare ake jima, ake yin robobi, kayan abinci da na sha, da sauransu. Da can masaƙu ma sun yi tashe. Daga shekarun 1980 zuwa yau da yawa sun rufe saboda matsalar wuta, tsadar kayan aiki da kwararowar kayan waje, shi ya sa za ka ga ginin da ke aiki dare da rana yana maƙwabtaka da wanda ciyawa ta cinye.

Marubucin labarin bincike yana son wuri mai katanga, mai ƙofa ɗaya, mai mutane ƙididdigaggu. Masana'anta cikin dare haka take: mai gadi, masu aikin dare, mai kula da janareta, direban babbar mota da ke jiran lodi. Kuma wuri ne da na'urori ke rubuta abin da ya faru: kyamarar tsaro, na'urar dangwala yatsa ta shiga da fita, mita, sikelin awon motoci, wayoyin da ke aljihun kowa. Wannan shi ne abincin ƙirƙirarriyar basira.

Sannan akwai abin da ya shafi rayuwar mutane da gaske. Ruwan dattin Sharaɗa yana bin rafin Salanta ya faɗa kogin Challawa, na Bompai kuma yana bin Getsi ya haɗe da Jakara. Masu bincike daga jami'o'i sun daɗe suna samun sinadarin kuromiyam na masana'antun fata a waɗannan ruwaye, manoman rani kuma suna ban ruwan kayan lambu da su. Wa ya saki ruwan, yaushe, da sanin wa? Ka ga tambaya irin ta mai bincike.

Mu gwada: a ce an ba na'ura wannan bincike

Wannan misali ne kawai na ƙirƙira, ba labarin wata masana'anta ba ne. A ce da asuba an tarar da gawar wani lebura a ramin da ruwan datti ke taruwa a wata masana'antar fata. Babu rauni a jikinsa. Manaja ya ce tsautsayi ne.

Basirar da ta san aikin jima za ta fara da sinadarai. Jimar gargajiya irin ta Majema da bagaruwa ake yin ta, amma ta zamani tana amfani da sinadarin salfayid wajen cire gashi, sannan a wani mataki na gaba a yi amfani da asid. Idan ruwan salfayid ya haɗu da ruwan asid, iskar haidurojin salfayid ce ke tashi. Tana warin ruɓaɓɓen ƙwai, ta fi iskar da muke shaƙa nauyi don haka tana kwanciya a rami, kuma idan ta yi yawa tana kashe jin warin kansa, mutum ya faɗi bai ankara ba. To tambayar ta sauya: wa ya buɗe bututun ruwan asid alhali akwai mutum a cikin rami? Bai sani ba ne, ko ya sani?

Daga nan na'urar za ta jera lokuta. Ƙarfe nawa mamacin ya dangwala yatsa? Ƙarfe nawa famfon tura ruwa ya tashi, kamar yadda jan wutar da mita ta rubuta zai nuna? Wa kyamara ta ɗauka a hanyar? Cikin daƙiƙa kaɗan za ta gama abin da zai ɗauki ɗan sanda mako guda.

Amma a nan ne Kano za ta ba ta wahala, kuma a nan ne labarin zai yi daɗi. An ɗauke wuta ƙarfe biyu, kafin janareta ya tashi kyamarori sun mutu na wasu mintuna. Agogon na'urar adana hoton ya koma baya saboda batirinsa ya daɗe da mutuwa, don haka lokacin da ke jikin bidiyon ƙarya ne. Rabin masu aikin daren 'yan aikin yini ne, sunansu ba ya cikin rajista. Wasu kuma sinadari ya cinye zanen yatsunsu, na'ura ba ta karɓar su, sai a rubuta da biro, ko wani ya rubuta wa wani.

Sai kuma abin da ba ya shiga kwamfuta ko kaɗan. Mai gadi dattijo ya ce "ban ga komai ba", amma ya sunkuyar da kai, domin wanda ya gani surukinsa ne. Abokin mamacin ya ce "ba komai, haka Allah ya ƙaddara", alhali da komai. Matar mamacin ba ta faɗin sunan mijinta, sai dai "maigidan" ko "baban su wance". Na'urar da ta ɗauki magana a yadda aka faɗe ta za ta ɓata. Dole ta nemi ɗan Adam da ya san kunya da kara da alkunya, kamar yadda Lock ya buƙaci Kat Frank.

Tambaya mafi nauyi kuma ita ce: na'urar ta wa ce? Idan kamfanin ne ya saye ta, yake biyan kuɗinta, kuma bincikenta ya nuna sakacin manaja ne, za ta faɗa? Ma'aikatan da ke tsoron wata rana ita za ta maye gurbinsu, za su ba ta amana? Tambayar Čapek ce ta 1920 ta dawo, sanye da rigar leburan Challawa.

Har harshen ma zai tilasta wa marubuci yanke shawara. Ann Leckie, a Ancillary Justice na 2013, ta sa basirar jirgin yaƙi ta riƙa kiran kowa da lamirin mace, domin harshen mutanenta ba ya bambanta jinsi. A Hausa babu wannan mafaka. Da zarar mai gadi ya buɗe baki zai yi wa na'urar magana, sai ya zaɓa: "kai" ko "ke". Abin da kowane mutum a labarin ya zaɓa zai nuna yadda ya ɗauke ta.

Ta cikin littafi daban, ta cikin wayarka daban

Nan ne ya kamata mai karatu ya natsu. Daneel da Lock suna tunani daga hujja zuwa hukunci, kuma ba sa ƙirƙirar shaida. Manhajojin hira irin su ChatGPT, Gemini da Meta AI ba haka aka gina su ba. An horar da su da tarin rubuce-rubuce don su hasashi kalmar da ta fi dacewa ta biyo baya. Shi ya sa suke iya ba ka amsa mai tsari, cikin ƙarfin hali, alhali ba ta da tushe. A 2023 wata kotu a New York ta ci wasu lauyoyi tarar dala 5,000 saboda sun gabatar da tsofaffin shari'o'in da ChatGPT ya ƙirƙiro, waɗanda ba a taɓa yi ba.

Manhajar gane fuska ma tana da nata ciwon. Binciken Gender Shades na Joy Buolamwini da Timnit Gebru a 2018 ya nuna wasu manhajojin kasuwa suna kuskure wajen tantance jinsi har kashi 34.7 cikin ɗari a kan mata masu duhun fata, amma kashi 0.8 kawai a kan maza masu farar fata. A Janairun 2020 'yan sandan Detroit a Amurka sun kama wani baƙar fata a gaban iyalinsa bisa zargin satar agogo, saboda manhaja ta ce fuskarsa ce a bidiyon shago. Ba shi ba ne. Mu da fatarmu ta fi kusa da waɗanda ake kuskure a kansu, wannan ba labarin nesa ba ne.

Dokar Najeriya ma ba ta karɓar abin da kwamfuta ta fitar ido rufe. Sashe na 84 na Dokar Shaida ta 2011 ya buƙaci a nuna wa kotu cewa na'urar tana aiki yadda ya kamata a lokacin da ta samar da bayanin. Ka tuna agogon kyamarar da ya koma baya a misalinmu. Don haka idan wani ya turo maka hoto a WhatsApp ya ce AI ta tabbatar wane ne ɓarawo, kada ka tura gaba. Wanda aka yi wa ƙazafi a unguwa ba ya samun shafi na gaba da za a wanke shi.

Daga ina za ka fara?

Idan Turancinka bai yi nisa ba, All Systems Red gajere ne, ana gama shi cikin kwana biyu a waya. Idan kana son ka ga yadda ake gina ƙulli a warware shi bisa adalci, nemi The Caves of Steel. Mai son ɗanɗanon gida kuma ya nemi na Tade Thompson, ya kuma leƙa Tauraruwa Mai Wutsiya don ya ga inda namu ya faro. Yayin karatu ka riƙa tambayar kanka: me na'urar nan ta sani, ta yaya ta sani, kuma me aka hana ta?

Ga masu rubutu a waya kuwa, shawara ɗaya ce. Kafin ka rubuta babin farko, hau A Daidaita Sahu ka je Sharaɗa lokacin da masu aikin dare ke fitowa. Zauna wurin mai shayi, ka saurari yadda suke kiran injinansu, da abin da suke cewa game da wuta da albashi da warin rami. Sannan ka kafa wa na'urarka iyakarta a farkon littafi, kada ka karya ta ko da ƙullin ya yi maka wuya.